Tagogi biyar, umarni ɗaya: yadda wata tawaga ta haɗa manhajojinta wuri guda

Tawagar ta mutum huɗu ce, suna gina manhajar intanet mai karɓar rajista ta kuma tura wa wanda ya yi rajistar takardar shaida ta imel. Kafin ɗayansu ya ga ko da shafi ɗaya a burauzarsa, sai abubuwa biyar sun tashi a kwamfutarsa: PostgreSQL mai riƙe da bayanai, Redis mai riƙe da layin ayyukan da ke jira, sabar Django, Vite mai haɗa fuskar shafin, sai kuma Celery, ma'aikacin bayan fage wanda ke ɗauko aiki daga layi ya haɗa takardar ya tura. Kowanne da tagar umarninsa, kowanne da abin da ake buga masa. Tsofaffin hannu sun haddace, yatsunsu na yi ba sai sun yi tunani ba.

Abin ya fito fili ne da sabuwar ma'aikaciya ta shigo. Ta bi takardar bayanin da aka ba ta layi-layi, komai ya tashi, shafi ya buɗe, ta cike fom ta danna, aka ce mata an karɓa. Imel bai zo ba. Babu jan rubutu, babu kuskure a ko'ina, don ta fuskar Django babu abin da ya lalace: ya ajiye aikin a Redis, ya gama nasa. Takardar bayanin ce ba ta ambaci Celery ba, domin an rubuta ta tun kafin a shigo da shi. Ta kwashe yini tana tonon kod ɗin tura imel, kod ɗin da ko sau ɗaya ba a kira shi ba. Da wani ya leƙo ya tayar mata da Celery, sai duk gwaje-gwajenta na yinin suka zubo akwatin gwaji a lokaci guda.

A nan aka yanke cewa umarni ɗaya ya kamata ya tayar da komai.

Gwajin farko, da fatalwar da ya bari

Babban mai kula da ɓangaren saba ya rubuta ɗan fayil na layi huɗu:

```
#!/bin/sh
python manage.py runserver &
celery -A app worker &
npm run dev
```

Alamar `&` tana tura umarni bayan fage, a wuce zuwa na gaba. Ya yi aiki, kowa ya yi murna. Idan an tashi a danna Ctrl-C, taga ta dawo hannun mutum, a ɗauka an kashe komai.

Ba duka aka kashe ba. Ctrl-C sigina ce mai suna SIGINT, kuma tagar umarni tana aika ta ga duk rukunin manhajojin da ke gaba. Amma akwai ƙa'ida a tsarin POSIX, wato dokokin da tsare-tsaren kwamfuta dangin Unix ke bi, da mutane da yawa ba su taɓa cin karo da ita ba: idan fayil irin wannan ya tura umarni bayan fage da `&`, umarnin yana tashi ne an toshe masa kunne daga SIGINT. Manhajar da ta kafa nata mai sauraron siginar, kamar Celery, za ta ji. Python kuwa idan ya tarar an ce a yi biris da SIGINT tun daga sama, haka yake barinta. Saboda haka Vite ya mutu, Celery ya tattara ya fita, Django ya zauna daram a ƙofa ta 8000, wato lambar da burauza ke samun sabar ta cikinta.

Washegari a sake tayar da fayil ɗin. Sabon Django ya nemi ƙofar ya tarar da mai ita, ya rubuta `Error: That port is already in use.` ya fita. Layi ɗaya ne tak, kuma kafin ido ya kai kansa rubutun Vite da na Celery sun ture shi sama. A burauza kuwa komai lafiya, don tsohon Django yana amsawa, har yana sabunta kansa idan an canza kod, tunda mai sa ido kan fayiloli yana nan da ransa. Abin da ba ya sabuntawa shi ne saitunan muhalli da ya tashi da su. Wani ya canza adireshin rumbun bayanai zuwa na gwaji, ya kashe ya kunna, ya ci gaba da goge bayanai cikin kwanciyar hankali, alhali saba tana nan manne da tsohon rumbun. Allah ya taƙaita, rumbun kwamfutarsa ne. Umarnin `lsof -i :8000`, mai nuna wanda ke riƙe da ƙofar, shi ne ya tona asiri, da ya nuna manhajar da ta kwana biyu tana gudana.

Maganin wannan layi ɗaya ne, `trap 'kill 0' INT`, wanda ke cewa idan Ctrl-C ta zo a aika SIGTERM, siginar da ke cewa manhaja ta rufe, ga duk rukunin. An saka, fatalwa ta daina fitowa. Sai dai sauran matsalolin suna nan. Rubutun manhajoji uku yana zuba a taga ɗaya ba tare da alamar wane ne ya faɗi me ba, kuma idan Celery ya faɗi da tsakar rana babu wanda zai sani, an koma gidan jiya ke nan. Fayil ɗin ya fara tsawo, kowa na ƙara masa layi. A ganina nan ne daidai inda ya kamata kowace tawaga ta tsaya ta tambayi kanta ko aikinta ne rubuta mai kula da manhajoji.

Procfile

Ba aikinsu ba ne, kuma an daɗe da yin sa. Procfile fayil ne mai sauƙin gaske: kowane layi suna, digo biyu, sai umarni. Kamfanin Heroku ne ya yaɗa shi a 2011 a matsayin hanyar gaya wa dandalinsa irin manhajojin da aiki ya ƙunsa, David Dollar kuma ya rubuta Foreman da harshen Ruby don a gudanar da wannan fayil a kwamfutar mutum. Daga baya aka yi ta kwaikwayonsa a wasu harsuna, Honcho na Python na cikinsu. Mutanen Rails, tsarin gina shafukan intanet na harshen Ruby, su ma nan suka dosa: tun daga Rails 7 na Disambar 2021, wanda ya zaɓi kayan haɗa CSS ko JavaScript yana samun `bin/dev` da `Procfile.dev` a shirye.

An ɗan ja kafin a zaɓa. Mai kula da fuskar shafi ya fi son `concurrently`, kayan aikin JavaScript da ya saba girkawa ta npm, wanda shi ma yana lakaba wa kowane layi suna da launi. Hujjarsa ita ce Node, mai gudanar da JavaScript, yana kan kowace kwamfuta a tawagar, ba sai an girka wani abu ba. Hujjar da ta rinjaya ita ce umarnin Django da Celery ba su da abin yi a cikin `package.json`, inda za a cusa su a layi ɗaya mai cike da alamomin zance da sandunan kare su. Akwai kuma bambancin hali: `concurrently` yana barin saura su ci gaba idan ɗaya ya mutu, sai an ce masa `--kill-others`, Foreman da Honcho kuwa ɗaya na faɗuwa suke rushe duka. Tunda ciwon tawagar shi ne mutuwar da ba a gani, rushewar ta yi musu.

Ga abin da suka fara rubutawa:

```
db: postgres -D ./data
redis: redis-server
migrate: python manage.py migrate
web: python manage.py runserver $PORT
worker: celery -A app worker
assets: npm run dev
```

Aka buga `honcho start`. Layuka masu launi suka zubo, kowanne da sunansa a gefe, abin sha'awa. Cikin ƙiftawar ido komai ya mutu.

Layin `migrate` ne. Aikinsa ya gyara tsarin rumbun bayanai ya fita, kuma ko ya yi nasara ko ya gaza fita zai yi. Honcho bai san fita ta alheri ba. A wurinsa ɗaya daga cikin shida ya tafi, saura su bi shi. Procfile wurin manhajoji masu zama ne, abin da ke yin aiki ya gama ba nan ne wurinsa ba. Aka cire shi.

Da aka cire sai wata ta fito, wadda ta fi ta farko wuyar ganewa. Procfile bai san jeri ba. Don `db` yana layin farko ba ya nufin za a jira shi; duka ake saki lokaci guda. Celery mai haƙuri ne, idan bai sami Redis ba yana rubuta cewa zai sake gwadawa, yana ta gwadawa har ya samu. Django kuwa da tashinsa yake leƙa rumbun bayanai don duba ko akwai gyaran da ba a yi ba, idan PostgreSQL bai gama shiri ba sai ya zubo `OperationalError`. Da a ce mutuwa yake yi da sauƙi, Honcho zai rushe komai a gani. Amma zaren da ke hidimar shafuka ne kawai ke mutuwa, mai sa ido kan fayiloli yana nan yana jiran a taɓa kod. Honcho na ganin `web` da rai, burauza na cewa ba ta sami kowa ba. Kuma ba kullum ba: a kwamfuta mai sauri PostgreSQL yakan riga shi, a mai nauyi a sha kashi. Wanda abin bai taɓa samu ba ya yi ta cewa shi dai a wurinsa yana aiki.

Wannan ya jawo tambayar da ta fi muhimmanci a duk lamarin: me PostgreSQL yake yi a cikin Procfile tun farko? Ku duba yadda ake kashewa. Foreman da Honcho suna aika SIGTERM, su jira daƙiƙa 5, wanda bai fita ba su bi shi da SIGKILL, siginar da ba a gardama da ita. PostgreSQL kuwa yana fassara SIGTERM da cewa a rufe cikin natsuwa: ya daina karɓar sabbin baƙi, ya jira waɗanda ke ciki su fita da kansu. Idan mutum ya bar `psql`, manhajar magana da PostgreSQL, a buɗe a wata taga, jiran ba zai ƙare cikin daƙiƙa 5 ba, sai SIGKILL ta same shi a tsaye. Ba lallai bayanai su ɓace ba, an gina shi ya farfaɗo daga irin wannan, amma tashi na gaba sai ya bi ta gyaran kai, wanda ke ƙara masa jinkiri, wanda ke sa Django ya sake riga shi. Matsala ɗaya tana ciyar da ɗaya.

Suka raba gari. Abin da ke riƙe da bayanai, wato PostgreSQL da Redis, ya koma Docker Compose, kayan aikin da ke gudanar da manhajoji a akwatunansu na daban, a tayar da shi sau ɗaya a bar shi yana gudana ko an rufe aiki. Abin da ake kashewa a kunna sau goma a yini, wanda babu asara idan an datse shi, shi ya rage a Procfile. Jira da gyaran rumbu suka koma wani ɗan fayil da ke gudana kafin komai.

Sai batun ƙofofi, wanda ya cinye musu lokaci fiye da yadda ya cancanta. Al'adar da Foreman ya kafa ita ce ya ba layin farko ƙofa ta 5000 a cikin `$PORT`, na biyu 5100, na uku 5200, haka har ƙasa. Da aka cire layuka ukun sama, `web` ya hau layin farko, ƙofarsa ta koma 5000, saitin Vite da ke miƙa buƙatu ga Django kuwa yana nuna tsohuwar lamba. Aka gyara. Sai mai amfani da Mac ya ce shi Django ya ƙi tashi, kuma idan ya buɗe ƙofar a burauza kuskuren 403, wato an hana shi shiga, yake samu. Tun daga macOS Monterey na 2021, mai karɓar AirPlay yana zaune a ƙofa ta 5000, shi ne ke amsa masa. Vite ma da nasa halin: bai kula da `$PORT`, 5173 ya sani, kuma idan ya tarar da wani a can sai ya zame zuwa 5174 ba tare da hayaniya ba, mutum ya yi ta sabunta tsohon shafi. Rabon ƙofa ta atomatik yana da amfani a dandalin da ke tayar da kwafi da yawa na manhaja ɗaya. A kwamfutar mai rubuta kod, wanda ya ajiye adireshin a burauzarsa, wahala ce kawai. Suka rubuta lambobin da hannu, suka ƙara wa Vite `--strictPort` don ya faɗi a gani maimakon ya sulale.

Ƙaramar matsala ta ƙarshe a wannan zango ita ce rubutun `print` da ke makara, wani lokaci sai an kashe manhaja yake fitowa a dunƙule. Python yana duba inda yake rubutu: idan taga ce yana sakin layi-layi, idan bututu ne, kamar wanda Honcho ke saurare ta ciki, sai ya tara har ma'aji ya cika. `PYTHONUNBUFFERED=1` a cikin `.env`, fayil ɗin saitunan muhalli da Honcho ke karantawa, ya kashe wannan.

Inda Honcho ya tsaya

An yi makonni lafiya. Abin da ya sake tayar da magana shi ne `breakpoint()`. Mai neman kuskure a Python yana dasa wannan layi, kod ya tsaya a nan, ya riƙa buga tambayoyi yana ganin abin da ke cikin kowane suna. A ƙarƙashin Honcho shafi sai ya daskare, taga ta yi shiru. Mai binciken yana nan yana jira, amma alamarsa ta `(Pdb)` ba ta ƙarewa da sabon layi, Honcho kuma layi cikakke yake jira kafin ya nuna komai. Ko mutum ya yi ta bugawa a makance, allon rubutu ɗaya ne manhajoji uku ke rabawa. Abin da mutane suka koma yi shi ne su kashe Honcho, su buɗe tagogi kamar da, su gama bincike, su dawo. Sabuwar ma'aikaciyar ce ta faɗa a taro: "Yallaɓai, to ai mun koma tagogin ne, sai dai yanzu muna da fayil."

Haɗe da wannan akwai Celery, wanda ba ya sabunta kansa idan an canza kod. Django yana yi, Vite yana yi, sai hankali ya saba, mutum ya gyara aikin tura imel ya gwada ya ga tsohon hali. Don a sake tayar da Celery kaɗai sai an rushe duka ukun. Kuma rushewar tana da farashi: SIGTERM a wurin Celery na nufin ya ƙarasa aikin da ke hannunsa, idan haɗa takarda ya wuce daƙiƙa 5 SIGKILL ta datse shi, kuma da yake a saitinsa na asali yana shaida karɓar aiki tun kafin ya fara, aikin ba ya komawa layi. Ya tafi ke nan.

Overmind, wanda kamfanin Evil Martians ya fitar da harshen Go, an yi shi ne saboda irin wannan. Procfile ɗin dai shi yake karantawa, amma kowace manhaja yana saka ta a tagarta ta tmux, manhajar da ke riƙe tagogin umarni da yawa a cikin guda, ya tattaro rubutunsu ya nuna wuri ɗaya. Kowace tana ganin taga ta gaske a gabanta, don haka launuka suna dawowa kuma rubutu ba ya taruwa. Idan kod ya tsaya a `breakpoint()`, a buɗe wata taga a buga `overmind connect web`, ga `(Pdb)` yana jira. Idan an gyara aikin bayan fage, `overmind restart worker`, saura ba su ma san an yi ba. Har manhajar da aka yarda ta fita ba tare da ta ja kowa ba ana iya ambata masa da `--can-die`, ko da yake tawagar ba ta maido da `migrate` ciki ba, don matsalar jeri tana nan.

Shi ma yana da nasa tarko. Wanda ya shiga da `connect` ya gama, hannu yakan tafi Ctrl-C da kansa, wannan kuwa kashe manhajar ne, kuma mutuwarta na jan saura. Fita ta tmux ake yi, Ctrl-b sannan d. Kusan kowa sai da ya rushe aikinsa sau ɗaya kafin ya riƙe. Idan kuma kwamfuta ta mutu ba shiri, fayil ɗin `.overmind.sock` yana saura, Overmind ya ƙi tashi yana zaton wani kwafinsa na gudana, sai an goge shi. An saka sunansa a `.gitignore`, jerin fayilolin da ba a turawa ma'ajiya, bayan ya taɓa bin kod zuwa ma'ajiyar tawaga.

Abin da suka tsaya a kai fayiloli biyu ne. `Procfile.dev`:

```
web: python manage.py runserver 8000
worker: celery -A app worker -l info
assets: npx vite --port 5173 --strictPort
```

Da `bin/dev`:

```
#!/bin/sh
set -e
docker compose up -d db redis
until pg_isready -h localhost -q; do sleep 1; done
python manage.py migrate
exec overmind start -f Procfile.dev
```

`set -e` yana tsayar da komai idan gyaran rumbu ya gaza, kuskuren ya zama abu na ƙarshe a allo inda ido zai gan shi. `pg_isready` yana tambayar PostgreSQL ko ya shirya karɓar baƙi, abin da `sleep 5` da wani ya fara ba da shawara ba zai taɓa sani ba. `exec` kuma yana sa Overmind ya maye gurbin fayil ɗin gaba ɗaya, ba wani tsani tsakaninsa da siginar da aka aiko. An ƙara wa sunan Procfile ɗin `.dev` ne don kada wata rana dandalin da ke karanta `Procfile` ya ɗauke shi ya tayar da `runserver` a gaban jama'a, sabar da Django da kansa ya ce ba a yi ta don haka ba.

Ba kowa ya koma Overmind ba. Yana buƙatar tmux, tmux kuma ba ya gudana kai tsaye a Windows, don haka mai Windows a tawagar ta cikin WSL, wato Linux da ke gudana a cikin Windows, yake aiki, kuma ya ce shi bai ga dalilin koyon tmux saboda abin da yake yi sau ɗaya a mako ba. Da yake fayil ɗin Procfile ne zalla, aka gyara layin ƙarshe na `bin/dev` ya duba: idan akwai Overmind a yi da shi, idan babu a faɗa kan `honcho start -f Procfile.dev`. Takardar bayanin da ta ɓatar da sabuwar ma'aikaciya ta ragu zuwa abubuwan da za a girka da umarni ɗaya, kuma duk wanda ya ƙara sabuwar manhaja dole ya taɓa Procfile, in ba haka ba shi ma ba za ta tashi masa ba.

Batun sabunta Celery ne har yanzu ba a rufe ba. Biyu daga cikinsu suna son a naɗe shi da `watchmedo auto-restart` ya riƙa tashi da kansa duk lokacin da fayil ɗin Python ya canza. Mai kula da saba ya ƙi, domin editansa yana ajiye fayil da kansa yana cikin rubutu, kuma ba ya son ma'aikaci ya riƙa mutuwa a tsakiyar aikin da yake bibiya. An bar layin yadda yake a `Procfile.dev`, masu son sabuntawar kuma suka ajiye nasu kwafin a gefe suna nuna wa Overmind shi da `OVERMIND_PROCFILE`.